Sana'ar bunƙasa bincike da tafiyar da shirye-shiryensa: Su wa ke yin ta, kuma ta ina ake shiga?

Duk lokacin da aka samar da sabon irin shuka ko sabon magani, sunan masanin da ya jagoranci aikin ne ke fitowa a labarai. Sai dai a bayansa akwai wasu ma'aikata da ba a cika jin sunansu ba: waɗanda suka nemo kuɗin aikin, suka tsara kasafinsa, suka sami izinin hukuma, kuma suka riƙe kowane rasit har ranar da masu binciken kuɗi za su zo. Aikinsu ya zama sana'a mai zaman kanta a duniya, kuma ya fara kafuwa a jami'o'i da cibiyoyin bincike na Najeriya.

Rassa biyu na sana'ar

Reshe na farko shi ne bunƙasa bincike, wato aikin da ake yi kafin kuɗi su shigo. Jami'in wannan reshe yana bibiyar sanarwar masu ba da tallafi, yana sanin wane malami ne ya ƙware a wane fanni, sannan ya haɗa tawagar da za ta iya cin gasa, misali likita da masanin ƙididdiga da masanin zamantakewa a kan cuta guda. Shi ne ke karanta takardar neman tallafi da idon mai tantancewa, ya nuna inda hujja ta yi rauni ko inda kasafi bai dace da aikin ba.

Reshe na biyu shi ne tafiyar da shirin bayan kuɗi sun shigo. A nan ake tsara jadawalin aiki, a ɗauki ma'aikata, a sayi kayan aiki bisa ƙa'idar kwangila, a raba kuɗi ga abokan hulɗa, kuma a aika rahoto a kan lokaci. Galibin masu ba da tallafi kashi-kashi suke sakin kuɗi, kuma ba sa sakin kashi na gaba sai sun gamsu da bayanin yadda aka kashe na baya. Saboda haka rahoton da ya makara da wata guda zai iya sa a rasa damina sukutum a binciken da ya shafi noma.

Misali daga Samaru

Waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ta fitar a 2019, ya nuna yawan hannayen da irin wannan aiki ke buƙata. An samar da shi ne domin ya jure wa tsutsar da ke huda furen wake da kwansonsa, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku. An shafe kusan shekara goma ana gwaji, tare da gidauniyar AATF mai hedikwata a Nairobi, da hukumar bincike ta CSIRO ta Ostireliya, da tallafin hukumar USAID ta Amurka.

Da yake an sauya ƙwayar halittar irin, sai da aka sami izinin hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan halittu, aka yi gwaji a killatattun gonaki, sannan kwamitin ƙasa mai yi wa sababbin iri rajista ya amince. Kowane mataki yana da takardunsa da wa'adinsa da kuɗinsa. Kafin buhun wannan wake ya isa kasuwa irin ta Dawanau, ya biyo ta kan teburan ofis da yawa.

Inda sana'ar ta samo asali

Sana'ar ta bunƙasa ne a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnati ta fara zuba maƙudan kuɗi a binciken jami'o'i, har ya zama dole a samu masu kula da su. Ƙungiyar NCURA ta irin waɗannan jami'ai ta kafu a 1959, sai SRA a 1967. Reshen bunƙasa bincike shi ne ƙarami a shekaru, domin sai a 2010 aka kafa ƙungiyarsa ta NORDP. A nahiyar Afirka, ƙasashen kudanci sun kafa SARIMA a 2002, yayin da yammacin Afirka ya kafa WARIMA a 2006, wadda ke shirya taruka da horo ga ma'aikatan wannan fanni.

Inda aikin yake a Najeriya

Babbar kafar kuɗin bincike ta cikin gida ita ce Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin asusun harajin ilimi na 1993. Yana ba da ƙananan tallafi ta hannun makarantu, sannan yana da Asusun Bincike na Ƙasa, inda ake gasa mataki-mataki: taƙaitaccen bayani, sai cikakkiyar takarda, sai kare ta a gaban masana. Jami'o'i da dama sun buɗe ofisoshin kula da bincike da ƙirƙira domin taimaka wa malamansu a wannan gasa.

Kafa ta biyu ita ce shirin Cibiyoyin Ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya fara a 2014. Cibiyar Noma a Yankunan Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero da ke Kano tana cikin waɗanda suka amfana, haka ma cibiyar Jami'ar Ahmadu Bello mai nazarin cututtukan da aka yi watsi da su. A wannan shiri an riƙa sakin kuɗi ne gwargwadon sakamakon da aka tabbatar, kamar yawan ɗaliban digiri na biyu da na uku da kuma binciken da aka wallafa. Wannan ya sa cibiyoyin suka buƙaci manajan shiri da akanta da jami'in sayen kaya da jami'in bibiya da tantance sakamako.

Akwai kuma cibiyoyin bincike na gwamnati kamar NIMR da ke Yaba a Legas da NAPRI da ke Shika, da na duniya kamar IITA da ke Ibadan mai reshe a Kano, da asibitocin koyarwa da ƙungiyoyi masu zaman kansu. Hukumar NOTAP ita ma ta taimaka wajen buɗe ofisoshi a jami'o'i masu kula da haƙƙin mallakar ƙirƙira da sada ta da 'yan kasuwa.

Hanyar shiga

Ana shiga ta ƙofa biyu. Wasu masana ne masu digiri na biyu ko na uku da suka karkata daga ɗakin gwaji zuwa tsara aiki, kuma su suka fi dacewa da reshen bunƙasa bincike, saboda sun san yadda masana ke tunani. Wasu kuma daga aikin ofis suke zuwa: akantoci, lauyoyi, jami'an mulki da jami'an sayen kaya. Ma'aikacin gwamnatin da ya goge a kasafi da bauca da dokar ba da kwangila ta 2007 ya riga ya riƙe rabin aikin reshe na biyu.

Abubuwan da aka fi nema su ne iya rubuta Ingilishi a taƙaice, sanin lissafin kasafi a kwamfuta, kiyaye wa'adi, da haƙurin zama da manyan malamai ba tare da tsoron gaya musu ƙa'ida ba. Takardun shaida irin su PMP da PRINCE2 na tafiyar da ayyuka suna ƙara wa mai nema daraja. Yawanci ana farawa a matsayin mataimakin shiri, a zama jami'i, sannan manaja, har a kai ga shugabantar ofis.

Amanar da ke wuyan jami'in

Ba kuɗi kaɗai jami'in ke tsarewa ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, inda 11 suka rasu. Iyaye sun yi zargin ba a nemi amincewarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, kuma a 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A yau duk binciken da ya shafi lafiyar mutane sai kwamitin ɗa'a ya amince da shi, kuma manajan shiri na cikin masu tabbatar da cewa ba a taɓa kowa ba kafin a samu izini da yardar mai jiki.

Ƙalubalen da ke akwai

A jami'o'in gwamnati, ƙarin girman malami yana bin koyarwa da wallafa ne, na ma'aikacin ofis kuma yana bin tsanin mulki, don haka mai wannan sana'a yakan tsinci kansa a tsakani. Guraben da suka fi albashi galibi na kwantiragi ne, suna ƙarewa da ƙarewar tallafi. Hakan ya fito fili a 2025, lokacin da Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje sannan ta rushe USAID, ayyuka da dama suka tsaya. Faɗuwar darajar naira ita ma tana wargaza kasafin da aka tsara shekaru biyu ko uku baya, musamman wajen sayo kayan gwaji daga waje.

Saboda haka masu ba da shawara a fannin kan ja hankalin mai shiga da kada ya dogara da ƙa'idojin mai tallafi guda. Wanda ya san tsarin TETFund da na Bankin Duniya da na gidauniyoyi irin su Wellcome da Gates, idan shiri ɗaya ya ƙare yana da inda zai nufa.