Masarautun Lahira a Akidar Mormon

A akidar mabiya cocin Mormon, wanda Joseph Smith ya kafa a Amurka a 1830, kusan kowane ɗan Adam zai sami wani matsayi na ɗaukaka bayan tashin matattu. Tushen wannan koyarwa shi ne wahayin da Smith da abokin aikinsa Sidney Rigdon suka ce sun gani ranar 16 ga Fabrairu, 1832, a garin Hiram na jihar Ohio.

Wannan ɗaukaka ta kasu zuwa masarautu guda uku. Ta sama, Selestiyal, ana kwatanta haskenta da rana, kuma a matakinta mafi girma ne kawai ake samun cikakkiyar ɗaukaka, wadda ke buƙatar auren har abada da aka ɗaura a haikali. Waɗanda suka shiga ba tare da wannan aure ba za su zama mala'iku masu hidima.

Terestiriyal, mai hasken wata, ta mutanen kirki ce da suka ƙi bishara a duniya ko suka yi sanyin gwiwa wajen shaida wa Yesu. Za su ga Yesu, amma ba za su zauna tare da Allah Uba ba. Telestiyal, mai hasken taurari, ta maƙaryata da mazinata da masu kisa ce. Sai sun sha azaba har ƙarshen mulkin Yesu na shekara 1,000 a duniya kafin su shiga cikinta, inda Ruhu Mai Tsarki zai riƙa yi musu hidima.

Hukunci na dindindin, wato “duhun waje”, an tanade shi ne domin Shaiɗan da mabiyansa, da 'yan ƙalilan da suka san gaskiya sarai suka kuma yi mata tawaye.