Jaruma, Zabiya ko Mawaƙiya?

A ce mace ce 'yar ƙasar Wales. Ta yi shekaru tana wasan kwaikwayo, sai ta ajiye, ta ɗauki jita, ta shiga rera waƙoƙin da ta tsara da kanta a salon buluz na karkarar Amurka. A ce kuma kana son ba wa wani dattijon garin Jandutsi labarinta ran kasuwar Jega, ba tare da ka jefa masa Turanci ba. Kowace gaɓa ta labarin sai ta tsayar da kai.

Tun daga ƙasar ma. Ba mutanen Wales ne suka raɗa wa kansu wannan suna ba. Daga tsohon Ingilishi ya fito, ma'anarsa bare. Su Cymry suke ce wa kansu, wato 'yan ƙasa ɗaya. Wanda ya san yadda kalmar Haɓe ta iso mana daga bakin Fulani ba zai yi mamaki ba. Jandutsi kuwa ya yi sa'a, sunansa na gida ne, kuma ya riƙe wasalinsa na yamma: dutsi, ba dutse irin na Kano ba.

To, sana'arta ta farko fa?

'Yar wasa ita ce kalma mafi tsufa, amma ta yi faɗi. Mai buga ƙwallo ɗan wasa ne, ɗan dambe ma haka. Kuma wasa kishiyar aiki ne a kunnen Bahaushe, don haka sunan yana rage wa sana'ar nauyi tun ba a je ko'ina ba. 'Yar dirama ta zamanin rediyo da talabijin ce, lokacin su Samanja da Ƙasimu Yero a Kaduna. 'Yar fim ta biyo bayan bidiyo, tun daga Turmin Danya na 1990. Sai dai a saurari yadda ake furta ta a zaure. Sau da yawa ba bayanin sana'a ba ce, hukunci ce.

Sai jaruma. Wannan ita ta fi burge ni. A ƙasar da Kanta ya gina Surame, jarumi shi ne wanda ba ya juya wa maza baya a fagen daga. Ta yaya kalmar yaƙi ta koma kan yarinya mai rawa a gaban kyamara? Bi sawunta, za ka iske gidan silima. Masu kallon finafinan Indiya sun buƙaci sunan da za su kira wanda ke dukan mugu ya auri budurwa, suka ce jarumi. Daga nan ta zame daga kan mutumin cikin labari ta koma kan mai fitowa a matsayinsa, har yau ko wanda ya fito a matsoraci jarumi ne. Tauraruwa ma aro ce da aka yi wa rigar Hausa, kuma a mujalla mai wannan suna ne Sunusi Shehu Daneji ya ƙirƙiro kalmar Kannywood a 1999.

Yanzu ta bar fim ta koma waƙa. Me ta zama?

A ƙasar Sakkwato da Kabi ba a cika cewa mawaƙi ga manyan gwanaye ba. Makaɗa ake cewa: Makaɗa Narambaɗa, Makaɗa Ɗanƙwairo. Ganga ce ke ba da suna, ko da murya ce ta yi fice. Maroƙi kuwa yana kallon hannun mai kyauta ne, daga roƙo. Mace tana da nata suna, zabiya, ko zabaya a bakin mutanen yamma da na Nijar. Ita ce mai ɗaga murya a biki da fada, ta jero asalin mutum har ya sa hannu a aljihu. Kalmar nan tana da wata ma'ana da ba ta da alaƙa da waƙa, wato mutumin da aka haifa da farar fata fat. Jimla ce kaɗai ke raba su.

'Yan zamani sun guje wa zabiya, sun zaɓi mawaƙiya, domin ba ta ɗauke da ƙurar roƙo. Na fahimci dalilinsu, amma an yi asara. Zabiya ba ta rera abin da wani ya rubuta mata. Nan take take ƙaga baitinta, tana duban fuskar wanda take yi wa.

Shi ya sa Hausa ba ta taɓa neman kalma ta musamman ga mawaƙin da ke tsara waƙarsa ba. Turawa sun buƙace ta don a wurinsu an saba wani ya rubuta, wani ya rera. Mu rabonmu daban ne: waƙar baka da rubutacciyar waƙa, Barmani Choge da ƙwaryar amada a nan, Nana Asma'u da alƙalami a can. Fim ne ya kawo mana sabuwar tsaga, irin ta Indiya: murya ta wata, fuska ta wata. Fati Nijar, haifaffiyar Maraɗi, ko Maryam A. Baba, wadda waƙar Sangandale ta zame mata suna, su shiga situdiyo su rera, jaruma ta motsa leɓe. Saboda haka jarumar da ta koma rera waƙar kanta ta daina aron baki ne, kuma wannan ya fi sauya sana'a girma.

A Amurka ma hanyar tsohuwa ce. Mamie Smith daga dandalin wasa da rawa ta fito kafin ta naɗi faifan buluz da ya girgiza kasuwa a 1920.

Saura salon waƙar. Buluz daga sunan launin shuɗi yake, don a Turanci shuɗi launin ƙunci ne. Wannan kalma ta taɓa shigowa Hausa ta ƙofar wanki, ita ce bula da ake sa wa farin kaya. Amma shuɗinmu ba ya kuka. Launin marina ne, na baba da rawani mai ƙyalli. Mu a ciki muke aje launi, fari ko baƙi. Waƙar baƙin ciki ke nan? Ta yi nauyi, don ana rawa da buluz. Bege ya dace da kewar da ke cikinta, amma masu yabon Annabi sun riga sun riƙe shi. Ni takaici na zaɓa: ɓacin ran wanda ya yi aiki bai ga lada ba, ya kuma iya ba da labarin har a yi dariya. Wanda ya ji Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya yana waƙar Karen Mota ya san wannan ɗanɗano.

Kamannin ba na kunne kaɗai ba ne. Masana Paul Oliver a 1970 da Gerhard Kubik a 1999 sun kawo hujjar cewa jijiyar buluz ta fi kusa da kayan tsirkiya na yankinmu, irin su goge da garaya da molo, fiye da gangunan bakin teku. Banjo ta Amurka ma jikar irin waɗannan ce, ƙwarya da fata da sanda, wadda bayi suka sake ƙerawa a tsibiran Karebiyan. A Haiti sunanta banza. Masana sun fi danganta wannan suna da harshen Kimbundu na Angola, ba ruwansa da banzarmu, kuma ɗaya daga cikin irinta, da aka ɗauko daga Haiti wajen 1841, tana nan a gidan adana kayan kiɗa na birnin Paris.