Suwic na haɗa kwamfutoci: yadda ake zaɓen mai inganci don gida ko ƙaramar sana'a

Suwic wata na'ura ce mai siffar ƙaramin akwati da ke da ƙofofi a jere, inda ake jona wayoyin kwamfutoci, na'urorin buga takardu, kyamarorin tsaro da sauran kayan aiki domin su riƙa musayar bayanai da juna. A shagunan ƙasashen da ke amfani da Faransanci ana kiranta commutateur. Ana buƙatarta ne idan ƙofofin rauta, wato akwatin da ke shigo da intanet cikin gida, suka ƙare. Yawancin rautocin da kamfanonin sadarwa ke bayarwa ba su wuce ƙofa huɗu ba, wasu ma ɗaya ko biyu gare su.

A shagon buga takardu, ko kantin magani, ko ƙaramin otel, duk ranar da suwic ta tsaya aiki ma ya tsaya: kwamfutar mai karɓar kuɗi ba ta ganin na'urar buga rasit, kyamarori sun daina ɗauka, abokan ciniki kuma suna tsaye suna jira. Shi ya sa zaɓenta ke buƙatar natsuwa duk da ƙanƙantarta.

Asali da yadda take aiki

Fasahar da suwic ke aiki da ita ana kiranta Ethernet. Robert Metcalfe da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro ta a 1973 a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke jihar Kalifoniya a Amurka. A 1983 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta amince da ita a matsayin ƙa'ida mai lamba 802.3, kuma wannan ƙa'ida ce ta sa suwic ta wani kamfani ke aiki da kwamfutar wani kamfani ba tare da gardama ba.

Kowace na'ura da ake jonawa tana da lambar shaida tata ta kanta, wadda ake kira adireshin MAC. Suwic tana lura da lambar da ke bayan kowace ƙofa, ta riƙe a ƙwaƙwalwarta. Idan saƙo ya zo, sai ta duba lambar wanda aka aika wa, ta miƙa shi ta ƙofarsa kaɗai. Akwatunan da aka yi amfani da su kafin ita suna watsa kowane saƙo ne ga kowa da kowa, abin da ke jawo cunkoso da karo.

Suwic ba ta kawo intanet da kanta, ba ta kuma ƙara wa layin gudu. Idan kamfanin sadarwa na bayar da megabit 20 a daƙiƙa, su ne dai za a raba ko da an sayi suwic mafi tsada. Aikinta shi ne ta ƙara yawan ƙofofi, ta kuma sa bayanai su gudana cikin sauri tsakanin kayan da ke cikin gini ɗaya. Rauta ce ke raba wa kowace na'ura adireshin shiga intanet, saboda haka suwic tana zama ne a bayan rauta.

Gudu

Abu na farko da mai saye zai duba shi ne lambobin da ke kan kwali. Idan an rubuta 10/100, gudun kowace ƙofa bai wuce megabit 100 a daƙiƙa ba, kuma ƙa'ida ce ta 1995. Idan an rubuta 10/100/1000, ita ce mai gudun gigabit ɗaya, wadda ƙa'idarta ta wayar jan ƙarfe ta fito a 1999. Bambancin yana fitowa fili wajen tura manyan fayiloli: bidiyon biki mai nauyin gigabayit 10 zai ɗauki sama da minti 13 a kan ta farko, amma a kan ta biyu bai wuce minti ɗaya da rabi ba idan kwamfutocin na da ƙarfin da za su bi.

Har yanzu ana samun masu 10/100 a kasuwa saboda araharsu, kuma a ido ba su da bambanci da masu gigabit. Lambar samfuri tana taimakawa. A kayan TP-Link, harufan SF na nufin mai 100, SG kuma gigabit. A na Netgear FS da GS ne, a na D-Link kuma DES da DGS. Ga gida ko shago a yau, mai gigabit ita ce zaɓin da ya dace. Akwai kuma masu gigabit 2.5, waɗanda ƙa'idarsu ta fito a 2016, amma ba su da amfani sai idan kwamfutoci da ma'ajiyar bayanai su ma suna da irin wannan ƙofa, kamar a wurin masu tace bidiyo.

Yawan ƙofofi

Ana yin suwic da ƙofa 5, 8, 16, 24 ko 48. Ƙofa ɗaya tana tafiya ne ga wayar da ta fito daga rauta, don haka mai ƙofa 5 na'urori huɗu kawai za ta ɗauka, mai 8 kuma bakwai. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a ƙirga duk abin da za a jona yau, a ƙara ɗaya domin rauta, sannan a bar sarari na biyu ko uku saboda gobe. Shagon da ke da kwamfuta huɗu da na'urar buga takardu ɗaya ya riga ya cinye ƙofa shida, mai 8 ce daidai da shi.

Ana iya jona suwic a jikin wata suwic, amma duk kayan da ke kan ta biyun za su raba gudun waya ɗaya da ta haɗa su. Babba guda ɗaya ta fi ƙanana uku da aka ɗaura wa juna, domin kowace ƙarama na da nata cajar da za ta iya lalacewa.

Mai saiti da maras saiti

Suwic iri biyu ce. Maras saiti, wadda a kwali ake rubuta wa non administrable da Faransanci, jona ta kawai ake yi ta kama aiki. Ita ce ta dace da gidaje da yawancin shaguna. Mai saiti, wato administrable, tana da shafin da ake shiga ta kwamfuta a tsara yadda kowace ƙofa za ta yi aiki. Akwai kuma ta tsakiya, mai saiti kaɗan da farashi mai sauƙi.

Babban amfanin mai saiti shi ne raba layi gida-gida ta tsarin da ake kira VLAN. Mai otel zai iya ware intanet ɗin baƙi daga kwamfutar da ke riƙe da lissafin kuɗi, ta yadda baƙon da ke ɗaki ba zai iya leƙa ta ba, muddin rautar ma ta san wannan tsari. Tana kuma iya fifita kiran murya a kan sauke fina-finai. Wani amfanin shi ne kariya daga kuskuren da ake yawan yi, inda wani zai jona bakin waya ɗaya duka biyu a jikin suwic. Saƙonni sai su yi ta kewayawa ba iyaka har komai ya tsaya cak. Radia Perlman ce ta samar da dabarar magance wannan a 1985, kuma ana samunta a masu saiti.

Sai dai mai saiti tana buƙatar wanda ya iya ta. Duk wanda ya saye ta ya wajaba ya sauya kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta tun ranar farko, ya kuma riƙa sabunta manhajarta.

Wuta ta cikin waya

Wasu suwic suna aika wutar lantarki ta cikin wayar da ke ɗaukar bayanai, tsarin da ake rubutawa PoE. Da shi ake kunna kyamarar tsaro ko na'urar watsa Wi-Fi da ke maƙale a saman rufi ba tare da an ja mata soket ba. Ƙa'idar 802.3af ta 2003 tana bayar da wat 15.4 a kowace ƙofa, 802.3at ta 2009 wat 30, sai 802.3bt ta 2018 da ke kaiwa wat 90.

Inda masu saye ke faɗawa rami shi ne jimillar wutar da suwic ɗin za ta iya bayarwa gaba ɗaya. Ana samun mai ƙofa 8 da jimillarta ba ta wuce wat sittin da 'yan kai ba, wani lokaci ma ƙofa huɗu ne kaɗai ke bayar da wuta. Idan kyamara shida ce, kowace na cin wat 8, an sami 48. A ƙara na'urar Wi-Fi mai wat 12, an kai 60. Kyamarori na ƙara cin wuta da dare idan fitilunsu na gani cikin duhu suka kama, saboda haka irin wannan wuri na buƙatar suwic mai aƙalla wat 75. Idan jimillar ta gaza, wasu kyamarorin kan mutu da dare, lokacin da aka fi buƙatar su.

Akwai kuma PoE maras ƙa'ida, galibi mai bolt 24, da ake samu a wasu kayan eriya. Mai bin ƙa'ida tana gwada na'ura tukuna kafin ta saki wuta, amma maras ƙa'ida sakewa kawai take yi, kuma tana iya ƙona abin da ba a yi shi domin ta ba. Lambar ƙa'idar da ke kan kwali ita ce shaida.

Zafi, ƙura da wutar lantarki

Yawancin suwic na gida da ofis an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40. A Yamai, Njamena, Garwa da Marwa zafin watan Afrilu kan wuce 40 a inuwa, cikin shago mai rufin kwano kuwa ya fi haka. A irin wannan yanayi mai jikin ƙarfe ta fi mai jikin roba, domin ƙarfe na fitar da zafi. Maras fanka kuma ta fi dacewa, saboda fanka na zuƙo ƙurar hunturu har ta toshe ta tsaya. A ajiye suwic inda iska ke ratsawa, nesa da taga da rufi, kada a ɗora ta kan wata na'ura mai zafi. Inda babu makawa sai an sa ta a waje ko a sito, akwai irin na masana'antu da ke jure digiri 70 ko fiye.

Ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi su ne suka fi kashe waɗannan na'urori, kuma sau da yawa cajar ce ke fara ƙonewa. Gara a ɗora suwic da rauta a kan na'urar ajiyar wuta mai batir, wadda ake kira onduleur. Ƙaramar suwic maras PoE wat kaɗan take ci, galibi ƙasa da biyar, don haka ba ta da nauyi a kan batir ko sola. Idan caja ta ƙone, sai a nemi mai bolt daidai da wanda aka rubuta a jikin suwic ɗin, domin wasu 5 ne, wasu 9, wasu 12.

Wanda zai sayo daga ƙetaren iyaka ya lura da kan filogi. Najeriya da Gana suna amfani da irin na Ingila mai ƙafa uku masu faɗi, Nijar, Kamaru, Chadi da Benin kuma mai ƙafafu zagayayyu irin na Turai. Ƙarfin wutar kusan ɗaya ne, bolt 220 zuwa 230, amma kayan da aka sayo a Kano kan buƙaci mahaɗi kafin su shiga soket a Maraɗi, kuma mahaɗi mai sako-sako kan sa suwic ta riƙa mutuwa tana kamawa.

Da damina kuma akwai tsawa. Wayar jan ƙarfe da aka ja daga gini zuwa gini tana iya kwaso ƙarfin aradu ta ƙona kayan ɓangarorin biyu. Wayar gilashi ba ta ɗaukar lantarki, ita ce ta dace da irin wannan aiki, kuma tana buƙatar suwic mai ƙofar SFP ko ƙaramin akwatin da ke juya saƙon.

Waya

Sau da yawa ana ɗora wa suwic laifin da na waya ne. Iyakar tsawon wayar Ethernet mita 100 ne. Mai lamba Cat5e ko Cat6 ta isa gigabit. A cikinta akwai zare takwas, kuma gigabit na buƙatar dukansu. Idan wasu suka yanke ko aka ɗaure kan ba daidai ba, layin na iya komawa megabit 100 ko ya ƙi kamawa. A suwic da dama launin fitilar ƙofa yana nuna gudun da aka samu.

Akwai waya mai araha da cikinta alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, ana rubuta mata CCA. Tana saurin karyewa, tana kuma yin zafi idan aka bi da wuta ta cikinta. Idan aka kankare zare ɗaya da wuƙa aka ga fari a ciki, ita ce. Araha ba ta ado, musamman ga mai kyamarori.

Wajen saye

Kamfanonin da aka fi sani a wannan fanni sun haɗa da Cisco, TP-Link, Netgear, D-Link, Ubiquiti, MikroTik da Tenda. Sanannen suna na sauƙaƙa samun caja da mai gyara, amma shi ne kuma masu jabu ke kwaikwaya. Lambar da ke jikin na'ura ta zo daidai da ta kwali, samfurin kuma a same shi a shafin kamfanin. A karɓi rasit, a tambayi tsawon garanti da wanda zai cika shi, domin garantin da aka buga a kwali ba lallai ne ya yi aiki a kowace ƙasa ba.

Ana samun manyan suwic na hannu da aka kwaso daga ofisoshin Turai a farashi mai sauƙi. Suna da ƙarko, amma da yawansu na da fanka mai ƙara, suna cin wuta, wasu tsofaffi ne masu 10/100, wasu kuma na zuwa da kalmar sirrin tsohon mai su. Ko sabuwa ce ko ta hannu, kafin a biya kuɗi a jona kwamfuta a kowace ƙofa ɗaya bayan ɗaya, a tabbatar fitila ta kama kuma kwamfutar ta nuna gigabit ɗaya. Idan mai PoE ce, a gwada ta da kyamara tun a shagon.