Daga Lambar Agana zuwa Sinadaran Jini

Duk wanda ya zauna da dattawan Mabai, ko na sauran ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, in sun naɗe hannun riga za su yi alwala, lalle zai ga wani tabo kewayayye kamar sisin kwabo a dantsensu, wanda shi ne shaidar lambar agana da ma'aikatan lafiya suka bi gari gari suna yi tun daga 1967, har Allah Ya kawo ƙarshen wannan annoba a Nijeriya cikin 1970. A wancan zamanin an ga fa'idar lamba ƙuru-ƙuru, amma hikimar da ke ƙarƙashinta, watau yadda ƙwayoyin jiki ke aika wa juna saƙo in maƙiyi ya shigo, ba a fahimce ta sosai ba.

Tun 1957 masana Isaacs da Lindenmann suka gano ɗaya daga cikin manzannin da ke kai wannan saƙo a Landan, suka raɗa masa suna intaferon. Sai dai samunsa ya yi wuya ainun, domin daga jinin mutane masu yawa ake tace ɗan ƙanƙani. Sai a 1980 wani masani, Weissmann, a Zurik, ya dasa ƙwayar gadon intaferon ta ɗan Adam cikin bakteriya, ta shiga haifar da shi, almajiran bincike suka huta da bara. Ta irin wannan hanya, cikin yis na burodi, aka samo rigakafin ciwon hanta a 1986, wanda yau ake yi wa jikokin masu tabon nan.