Yadda Shafin Intanet Ya Koyi Tuna Baƙonsa

Farkon zamanin yanar gizo, shafi bai san ka ba: kowane latsi, sabon baƙo ne kai. A 1994 Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro kuki, 'yar lambar da burauzarka ke riƙewa, kamar tikitin ajiye babur a kasuwar Kwanar Dangora. Babur ɗin kuwa, wato bayananka, yana cikin RAM ɗin saba, don sauri. Sai dai RAM mantuwa gare ta: saba ta sake tashi, ɗalibin da ke cike fom ya koma farko, datarsa ta tafi a banza. Memcached ya raba ma'ajiyar da saba a 2003. Redis na 2009 ya ƙara da kwafe ta a faifai.