Harbin Kurciya da Tantabara a Zafin Hartum da Umdurman: Waiwaye Cikin Tarihi

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya san aikin korar tsuntsu. Da dawa ta fara ƙosawa sai a ɗora yaro bisa gado a tsakiyar gona, majajjawa a hannunsa, gwangwanaye a jikin igiya, ya wuni yana ihu. Ba kasafai ake ganin bindiga a wannan aiki ba, kuma akan ɗauka talauci ne kaɗai ya jawo haka. Wannan takarda za ta dubi Hartum da Umdurman a ƙasar Sudan, inda Hausawa suka yi fiye da shekara 100 suna zaune, domin nuna cewa akwai wasu dalilan. Zafi shi ke tsara wa kurciya inda za ta kasance da lokacin da za ta tashi. Doka kuma ita ta tsara wanda zai riƙe bindiga. Waɗannan abubuwa biyu ne suka kai harbi bakin kogi, suka bar gona da ihun yara.

Tsuntsayen da sunayensu

Ya kamata ɗalibi ya fara rarrabe tsuntsayen, domin rikicin da za mu gani a gaba daga nan ya samo tushe. Tantabara ita ce ta gida, mai ubangida, wadda Larabawan Sudan ke kira hamam. Hasbiya ita ce babbar nan mai jan ido da ɗigo-ɗigon fari a fuffuke. Kurciya da bardo na daji ne, kuma a bakin mutanen Sudan kurciya ita ce gumri. Akwai kuma kurciyar Turai, baƙuwa ce, takan ƙetaro hamada wajen watan Satumba da Oktoba, ta yi sanyi a yankin Sahel, ta koma gida a watan Afrilu. Sai ɗan ƙaramin nan da ya fi su duka ɓarna, wato jan-baki. Abin sha'awa ga mai nazarin harshe, manoman Sudan na ce masa gaddum ahmar, ma'anarsa jan baki. Al'ummu biyu da ke da nisan fiye da kilomita 2,000 tsakaninsu sun kalli tsuntsu guda, sun raɗa masa suna guda.

Lokutan shekara a gaɓar Nilu

Hartum na zaune a Mugran, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu, Umdurman kuma na yamma da kogin. Ruwan saman da ake samu a shekara bai kai milimita 200 ba, alhali Kano kan samu ninkinsa huɗu ko fiye. Saboda haka noman da ke kewaye da biranen na bakin kogi ne: tsibirin Tuti, da Shambat, da fadamun da ambaliya ke bari idan ta janye, waɗanda ake kira jarf. Da ka yi 'yar tafiya daga gaɓa sai fako da rairayi.

Manomin Sudan ya kasa shekara kusan yadda Bahaushe ya kasa ta. Shita shi ne lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu. Sef shi ne bazara, daga Maris zuwa Yuni, kuma a watannin Mayu da Yuni zafin rana kan wuce digiri 41 a ma'aunin Salshiyos kusan kullum, ga guguwar ƙurar nan da ake kira habub, wadda masanin yanayi L. J. Sutton ya yi rubutu a kanta a 1925. Harif shi ne damina. Darat kuma shi ne kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, kuma da shi zafi ke dawowa karo na biyu, har ya kusa digiri 40. Wannan zafin na biyu shi ne tsofaffinmu ke kira agazari, kalmar da na lura ɗalibai da yawa sun daina ji.

Abin da zafi ke yi wa kurciya

Kurciya da danginta busasshiyar ƙwaya suke ci, don haka sha ya zame musu dole, akasari kullum. Suna da wata baiwa da yawancin tsuntsaye ba su da ita: sukan tsoma baki su zuƙi ruwa ba tare da ɗaga kai ba, su ƙoshi cikin 'yan daƙiƙoƙi su tashi. Haka nan kuma suna sanyaya jiki ta hanyar fitar da danshi ta fata, ba sai sun dogara ga haki ba. Gwajin da aka yi a ɗakunan bincike a Isra'ila da Afirka ta Kudu ya nuna tantabara da wasu kurciyoyi na iya jure zafin da ya haura digiri 55. Amma wannan juriya da ruwa ake sayen ta. Duk ɗigon da ya fita ta fata sai an mayar da shi a bakin kogi. Bugu da ƙari, uwa da uba duka suna ciyar da 'ya'yansu da wani ruwa mai kama da kindirmo da ke fitowa daga maƙoshinsu, shi ma ruwa yake ci.

Daga nan jadawalin kurciya a bazara ya fito. Da gari ya waye sai kiwo, da hantsi sai sha, daga nan ta lafe a inuwar bagaruwa har la'asar sakaliya. Mai bindigar da ya tsaya a gona da azahar zai wuni bai ga abin harbi ba, bakin bindiga ya yi zafin da ba ya taɓuwa, kawalwalniya ta hana shi saiti, ɗan abin da ya samu kuma ya fara wari kafin ya kai gida in bai feɗe shi nan take ba. Wanda kuwa ya san tsibirin rairayin da kogi ya bari lokacin da ya ja baya a watan Afrilu da Mayu, ya kuma iso kafin hantsi, tsuntsayen ne za su zo su same shi. Lokacin da nake karatu a Turai na ga irin wannan a gonakin alkama: a shekarar da aka yi zafi, masu harbin kurciyar daji kan bar tsakiyar gona su koma kusa da kwamin shan dabbobi. Abin da ke faruwa can na mako biyu, a Hartum wata uku ne.

Sai dai ga inda lissafin ya karkace. A tsakiyar sef, lokacin da harbi ya fi sauƙi, babu hatsin da za a tsare. An girbe alkama tun watan Maris, gonakin damina fayau suke, dawar rani da ake kira abu sab'in, wato mai kwana 70, akasari dabbobi ake yanka wa ita tun tana ɗanya. A darat kuwa, lokacin da dawa ta nuna kuma baƙin kurciyoyi suka iso, akwai sauran ruwan damina a tafkuna da kududdufai, don haka tsuntsaye a warwatse suke, babu wani mashaya guda da za a tsare su.

Bindiga a hannun wa?

A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar Burasal, wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a babban yankin da Hartum da ƙasar Hausa duk suka faɗa ciki. Ranar 2 ga Satumba, 1898, rundunar Kitchener ta karya sojojin Halifa Abdullahi a Karari, arewa da Umdurman, kuma a 1899 aka kafa mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar. Gwamnatin da ta hau da ƙarfin bindiga ba ta son ganin ta a hannun talaka. Mallakarta sai da lasisi, farauta ma haka. A 1901 aka naɗa A. L. Butler shugaban kula da namun daji, ya riƙe muƙamin har 1915, sannan a 1935 aka yi dokar kare namun daji wadda ta daɗe tana aiki har bayan samun 'yancin kai a 1956.

Masu bindigar tsuntsu, wadda 'yan Sudan ke kira hartush, yawancinsu hafsoshi ne da ma'aikatan gwamnati da manyan 'yan kasuwa. Harbinsu na nishaɗi ne, kuma abin da suka fi so shi ne tsuntsun hamadar nan da Larabawa ke kira ƙaɗa, mai zuwa sha garke-garke a lokaci guda kowace safiya. Namijinsa kan jiƙa gashin cikinsa ya kai wa 'ya'yansa ruwa can cikin fako, don haka duk wanda aka harbe a bakin ruwa lokacin ƙyanƙyasa ya bar marayu. Wani abin ban dariya shi ne zafin da ke tara tsuntsayen shi ne kuma ke korar maharban. Ma'aikatan mulki na Ingila na da hutun kusan wata uku a shekara, da yawa kan tafi gida da bazara, wasu kuma su hau tuddan Arkawit kusa da Bahar Maliya su sha iska. In da ba don haka ba, ina ganin ɓarnar da ta fi yadda aka yi.

Dinshawai

Tantabarar gida kuwa dukiya ce. A duk tsawon kwarin Nilu, daga Masar har arewacin Sudan, ana gina mata hasumiyar laka, a ci 'ya'yanta, a kai kashinta gona a matsayin taki. Amma idan ta tashi sama, baƙo ba ya bambanta ta da ta daji. Misalin da ya fi kowane fito da wannan ya faru ne a Masar, ɗaya daga cikin ƙasashe biyun da ke mulkin Sudan a lokacin, kuma a hannun sojojin Ingila da ke ƙarƙashin ikon Lord Cromer, mutumin da shi ma gwamna janar na Sudan, Wingate, ke kai wa rahoto.

Ranar 13 ga Yuni, 1906, da tsakiyar zafin rana, hafsoshin Ingila biyar suka je harbin tantabara a ƙauyen Dinshawai na lardin Manufiyya. Tantabarun na mutanen gari ne, kuma lokacin sussuka ne. Wuta ta kama a wani masussuki, aka yi kokawa, bindiga ta tashi ta raunata wata mata da wasu mutane. Ɗaya daga cikin hafsoshin, Kyaftin Bull, wanda aka buga a kai, ya ruga da gudu cikin rana don neman agaji, ya faɗi a hanya, daga baya ya mutu. Shaidar likita ta nuna bugun rana na cikin abin da ya kashe shi. Duk da haka kotu ta musamman a ƙarƙashin Butrus Gali ta yanke wa mutum huɗu hukuncin rataya, wasu ɗauri, wasu bulala 50, aka kuma zartar a gaban iyalansu ranar 28 ga watan. Mustafa Kamil ya kai ƙarar har Turai, Cromer ya bar aiki a 1907, aka saki fursunonin a 1908, shi kuma Butrus Gali aka harbe shi a 1910. Masana tarihi kan karanta Dinshawai a babin siyasa, kuma daidai ne. Ni dai ina so ɗalibi ya lura da sa'ar da abin ya faru da kuma watan. Manomin da ya san ƙasar ba zai fita harbi a wannan lokaci ba, ba zai kunna albarushi kusa da busasshen kara ba, ba kuwa zai yi gudun kilomitoci a cikin wannan rana ba.

Manomi, da Bahaushe a cikinsu

Hausawa da Fulani sun daɗe suna ratsa Sudan a hanyar hajji. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, sai ƙwadago ya ƙara jawo mutanen yamma, wasunsu suka gangaro unguwannin Hartum da Umdurman. Farfesa Al-Amin Abu-Manga ya yi nazarin yadda Hausarsu ta cuɗanya da Larabci.

Abin da suka tarar a gonakin dawa ba baƙo ba ne a wurinsu. Can ma yaro ake ɗorawa bisa rumfa, aikin kuma sunansa hahaya, daga ihun da ake yi. Mutum-mutumi shi ne hambul, danƙo shi ne nibla. Wannan dabara ta dace da jadawalin tsuntsu, domin hari sau biyu ne, safe da yamma, da rana kuwa mai tsaro da abin tsaro duk suna inuwa. Kuma ko da an ba manomi lasisi kyauta, kuɗin harsashi guda ya fi hatsin da kurciya ɗaya za ta ci. Game da jan-baki, mai nauyin kimanin giram 20 da ke zuwa dubu-dubu, maganar bindiga ma ba ta taso ba. Da aka fara noman inji a yankin Gadarif a tsakiyar shekarun 1940, gonaki suka fi ƙarfin ihun yara, sai hukuma ta koma bin jan-baki har makwancinsa da feshin jirgin sama da almuru. Sudan na cikin ƙasashen ƙungiyar yaƙi da fara ta gabashin Afirka da aka kafa a 1962, wadda daga baya jiragenta suka shiga wannan aiki. Feshin kan kashe har tsuntsayen da ba su ci hatsin kowa ba.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, a tsakiyar sef, ya tsayar da noma a Tuti, mazauna tsibirin suka yi watanni a killace kafin yawancinsu su fice, sojojin gwamnati kuma suka sake karɓe Hartum a watan Maris na 2025. Gidan tarihin halittu na Jami'ar Hartum, inda aka ajiye samfuran tsuntsayen ƙasar, na cikin wuraren da yaƙin ya lalata. Ɗalibin da ke son zurfafa wannan bincike zai tarar da takardu da littattafan tunawa na ma'aikatan mulkin mallaka a ma'ajiyar Sudan ta Jami'ar Durham, fatun tsuntsayen da maharban wancan zamani suka tara kuma da yawansu suna garin Tring a Ingila, kowace da 'yar takarda a ƙafa mai ɗauke da wurin da aka harbe ta da kwanan wata.