Kunnen da Fiyano Ya Sallama

Duk wanda ya taɓa kunna tsohuwar sintisaiza, wato na'urar kiɗan lantarki, ta zamanin tiransisto ya san ba ta gaishe ka da muryar da ta yi maka sallama da ita jiya. Sai an bar ta ta ɗumama kamar minti ashirin kafin muryarta ta zauna. Mu da ke cikin sana'ar nan mun daɗe muna kiran wannan halin aibi, amma ni a ganina shi ne ya riƙe wa makaɗi kunnensa, kuma ranar da aka kawar da shi mun yi asarar da ba mu lissafa ba.

Asalin matsalar a ginin na'urar yake. Robert Moog, Ba'amurken da kamfaninsa ya fitar da Minimoog a 1970, ya ɗora tsarinsa kan ƙa'ida ɗaya: duk ƙarin bolt guda na wuta, muryar ta ninka kaifinta, wato ta haye zango ɗaya. Sai dai tiransiston da ke fassara wutar zuwa murya yana sauya hali da zafi. Don haka mai saiti yakan fara da auna wutar da ke shiga, sannan ya daidaita murya guda da ma'aunin 440, wanda Minimoog ke ɗauke da shi a cikinta. Daga nan ya haura zango biyu ko uku, ya juya ɗan ƙaramin noti da sukundireba, ya dawo ƙasa ya tarar ta goce, ya gyara da wani notin, ya sake hawa. Notocin biyu jan juna suke yi, shi ya sa aikin ke cin lokaci. Mita tana taimakawa, amma hukuncin ƙarshe na kunne ne: muryoyi biyu da suka kusa haɗuwa sukan yi wata rawa, wawu-wawu, tana raguwa har ta tsaya cik. A nan ake ɗauke hannu.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Mai goge yakan ja izgarsa ya saurara kafin ya fara, mai ganga yakan shanya fata a rana idan damina ta sa ta saki, makaɗan kalangun Shata kuwa da matsa tsarkiya a hammata suke lanƙwasa murya ta bi harshen mawaƙi. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuma kayan kiɗanmu an yi su ne don su zame tsakanin muryoyi. Na'urar da ake iya karkata muryarta da hannu ta fi kusa da wannan tarbiyya fiye da yadda ake zato. Afirka ma ba ta makara ba wajen karɓar kiɗan lantarki. William Onyeabor ya tara irin waɗannan na'urori a situdiyonsa na Enugu, Francis Bebey na Kamaru ya yi nasa a Faris, a Yamai kuma Mamman Sani ya naɗi kaset a gidan rediyon ƙasa a 1978 da wata ogan ƙirar Orla ta Italiya, aikin da kamfanin Sahel Sounds ya sake fitarwa a 2013.

Masana'antun kuwa gudun gocewar suka yi ta yi. Prophet-5 ta 1978 ta zo da maɓallin da ke sa ta saita kanta, sannan Yamaha DX7 ta 1983 ta mayar da murya lissafin lambobi, wanda zafi ba ya taɓa shi. Jikokin wannan sauyi ne suka iso Kano a shekarun 1990, wato fiyanon Yamaha PSR da ya shiga situdiyo irin na Iyan-Tama, ya kuma mamaye waƙoƙin fim bayan fim ɗin Sangaya na 1999, tarihin da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bibiya sosai. Fiyanon ya zo da zango a yanke kashi 12 daidai wa daida, ma'aunin Turai, sai mawaƙi ya koma bin maɓalli, alhali a da makaɗi ne ke bin mawaƙi.

Za a ce ai wannan kukan daɗi ne. Mai situdiyo a unguwar Bukan Sidi da ke fama da zafin garin Lafiya a watan Maris, da ƙurar hunturu mai toshe maɓallai, da wutar janareto mai hawa da sauka, me zai yi da na'urar da ke gocewa tsakiyar waƙa, wadda wata ma an ƙera ta ne don wutar Amurka mai rabin ƙarfin tamu? Gaskiya ce, kuma ban raina ta ba. Fiyano mai araha ya ba dubban matasa abinci, ya buɗe ƙofar kiɗa ga wanda bai gaje shi ba. Za a kuma ce tsofaffin na'urorin ma maɓallan Turai gare su. Haka ne, sai dai noti yana hannun mai saiti: yana iya matse zangon ko ya buɗa shi, yana iya zamar da murya daga wannan maɓalli zuwa wancan kamar kalangu. Abin da nake jayayya a kai shi ne ɗaukar saitin masana'anta a matsayin daidai, na kakanni kuma a matsayin kuskure. Abin takaicin shi ne yawancin manhajojin kiɗa na kwamfuta, da fiyano masu yawa, suna ba da damar karkata kowace murya dabam, har Yamaha ta yi samfura na musamman don ma'aunin Larabawa, saboda makaɗansu sun nema. Mu ba mu nema ba. Kafasita da ta bushe, mai gyaran rediyo zai cire ta ya liƙa sabuwa da dalma cikin rabin sa'a, amma wanda zai ji cewa muryar goge ta faɗi tsakanin maɓallai biyu, ya kuma san inda ta faɗi, sai an nemo shi a wajen tsofaffin makaɗa, kuma kaɗan ne cikin masu situdiyo ke zuwa wurinsu.